Jirgin Ƙarfe Huɗu

Tela ta san Kawunsu sarai: mutum ne da ba ya yin alheri sai da 'yan kallo. Shi ya sa ta san da wata a ƙasa da ta gan shi a shagonta yana kaɗa tikitin jirgin ƙasa biyu, yana washe baki.

Ƙanenta yake nema, wanda ma'aikatan tasha suke tsokana da Sarkin Tasha. Shekarunsa ashirin da takwas, yana da lalurar galahanga, hayaniya da taɓin jiki suna rikita shi. Amma kullum yana nan ƙarshen dandamalin tasha, jikin tankin ruwa, yana ƙirga taragan jirgin ƙarfe huɗu. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa fashi ba, ko da zazzaɓi. Idan ya ƙirga, ranar ta yi daidai, zai ci abinci ya yi barci.

"Ku dai ba ku da tausayi," in ji Kawu. "Mutum yana son jirgi haka, ba wanda ya taɓa sa shi a ciki?"

"Kawu, ba shiga yake so ba. Gani yake so."

"Ke kika san abin da yake so? Kujerar manya na saya, mai sanyi."

To, wa zai gaya wa Kawu magana? Sau biyu yake zuwa gidan a shekara, amma ya fi kowa sanin kowa. Har mai hoto ya ɗauko.

Ƙarfe huɗu suna tasha, jirgin ya tsaya. Sarkin Tasha ya ɗaga yatsa, ya kai tarago na uku ke nan Kawu ya cafke hannunsa ya tura shi ciki. Mai hoto sai faman "a yi murmushi" yake. Takaici ya cika Tela, na Kawu da na kanta, don tana tsaye aka yi.

Ta bi tagogi har ta same shi. Ya toshe kunnuwa, yana rangaji, ya manna goshi a gilashi yana ƙoƙarin hango jirgin da yake zaune a cikinsa. Ba ta jin muryarsa, amma ta karanci bakinsa.

"Yaya, ƙirga."

Ta ruga jikin tankin, ta ɗaga yatsa kamar yadda yake yi. Jirgin ya fara tafiya. A tarago na tara hawaye ya rufe mata ido, lissafin ya ɓace.

Gobe zai tambaye ta nawa ne. Kuma zai gane idan ta yi ƙarya.