Ɗurar da Darakta Ya Yi wa Balbela

Ni Adama, tun ina 'yar shekara bakwai nake tatsar shanu a rugarmu ta bayan Buji, yau ga ni da jikoki, amma ban taɓa ganin wanda ya kusa kashe saniya da ilimi ba sai ƙanena Abdulbaƙi.

Shi aka kai boko a gidanmu. Mu muka sha rana a bayan garke, shi ya sha fanka a ofis har ya zama Darakta a Dutse. Da ya yi ritaya bara, sai ga shi a ruga da mota da tumbi, wai jinin kiwo ya motsa masa. Zai yi kiwo, amma na zamani, a bayan gidansa na Takur. Ya durƙusa da ƙyar ya ce, "Adda, habbanaye na zo nema."

Habbanaye a wurinmu ba abin wasa ba ne. Ka ba ɗan'uwanka aron saniya, ta haifa masa, ya riƙe 'ya'yan ya kafa garke, sannan ya dawo maka da uwar. Wanda aka ba kuwa, gara tasa ta kwana da yunwa da a ce ta aron ta yi tari. Na ba shi Balbela, fara tas mai baƙaƙen kunnuwa. Ita kaɗai ta rage daga zuri'ar saniyar da Innarmu ta zo da ita gidan aure, kuma tana da cikin wata biyar. Na ce bari ɗan Inna ya fara da jinin saniyar Inna. Tausayi ne ya ja ni, ban da wani wayo a ciki.

Farkon damina ya bugo waya, wai in zo in ga ci gaba. Na hau mota zuwa Dutse, na hau adaidaita zuwa Takur. Matarsa Ikilima ta tare ni a ƙofa tana riƙe dariya.

"Adda, Alhaji ya je bita ta kwana uku a otal. Ya dawo da jaka da hula da buhu."

"Buhun me?"

"Garin magniziyam. Wai sinadari ne da shanu ke buƙata idan suna cin ɗanyar ciyawa."

Muka same shi a ɗan ɗakin ajiya, ya kunna fanka, ya sa buhun a gaba yana kallonsa kamar wanda aka kawo wa amarya. Ni ban iya karatu ba, amma a jikin buhun akwai hotuna, kuma ina da ido. Ga mutum ya rufe hanci da takunkumi. Ga tabarau. Ga safar hannu. Ga ɗan cokali. Na sa Ikilima ta karanta mini rubutun. Ta ce an ce kada a shaƙi ƙurarsa, kada ya shiga ido, a ajiye shi a rufe inda ba laima, kuma cokali biyu a rana ya ishi babbar saniya, a gauraye cikin abinci.

Na ce, "Darakta, ina takunkuminka?"

Ya ce, "Haba Adda! Ni da na tashi cikin ƙurar garke? Hotunan nan don waɗanda ba su yi makaranta ba aka yi su."

To, madalla. Mu marasa makaranta muka ja da baya muka tsaya a bakin ƙofa. Mai makaranta ya sa wuƙa ya farke buhun, ya ɗaga shi sama ya juye cikin baho, fanka na kaɗawa a kansa. Wayyo! Ɗakin ya turnuƙe fari fat, muka daina ganinsa sai tari muke ji. Can ya fito yana lalube, gemu fari, gira fara, kamar wanda ya wuni a injin niƙa. Yana murza ido yana kiran Ikilima. Ta zaunar da shi a kan turmi ta riƙa kwara masa ruwa a ido, buta bayan buta, shi kuma yana cewa ai ba komai, alamar garin mai kyau ne. Idanun nan suka yi jawur. Na yi dariya har na riƙe ciki, Allah ya yafe mini.

Da ya dawo hayyacinsa, maimakon ya ji kunya, sai ya ce a miƙo masa kwanon awo. Na ce an ce cokali biyu.

"Adda, Baffanmu da cokali yake auna wa shanu kanwa? Ba ƙwarya yake cikawa ya zuba a kwami su sha su ƙoshi ba? Wannan ai kanwar zamani ce. Cokali biyu na shanun Turawa ne da suka riga suka ƙoshi."

Kun ji fa. Shekara arba'in bai tuna da Baffa ba sai ranar da zai yi ɓarna. Ya zuba rabin kwano a dusa ya kai wa Balbela. Ta sunsuna, ta hura hanci, ta juya masa baya. Na ce, "Ka gani? Ta fi ka karanta buhun." Na sa ya zubar, na sa ya yi mini alkawarin cokali biyu, ya ce to. Da la'asar na koma Buji, don ina da tatsa.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, Ikilima ta bugo, kuma ba dariya a muryarta.

"Adda, ki zo. Balbela ta kwanta."

Ashe da ta ƙi ci, sai Darakta ya sake tuno wata dabarar Baffa, wato ɗura. Ya dama garin a ruwa ya cika kwalba, ya kama mata hanci ya ɗaga kai ya ɗura mata, safe da yamma, kwana uku. Abin da hannunsa bai manta ba a duk kiwon duniya shi ne wannan.

Na same ta kwance a gindin turke. Zawo ya ɓata mata cinyoyi har jela, idanu sun faɗa, kai ya langaɓe a ƙasa. Na kira sunanta, kunne kawai ta motsa. Ban tsaya zagi ba, na ce a nemo likitan dabbobi yanzun nan.

Wadda ta zo yarinya ce, Dakta Khaulat, ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Ta duba saniya, ta leƙa bahon garin da aka bari a buɗe har laima ta daskarar da shi, sannan ta dubi Darakta cikin ladabi.

"Baba, wa ya gwada ta ya ce tana da ƙarancinsa?"

"A bita aka ce yana da amfani."

"Yana da amfani, Baba, ga wadda take buƙata, kuma a kan awo. A bitar an ce da kwalba?"

Ya hau gyara hula. Ta ce idan ya yi yawa zawo yake sakawa, ya tsotse ruwan jiki, ya kashe ƙarfin gaɓoɓi, har numfashi yana iya tsayarwa. Ta ɗaura wa Balbela ƙarin ruwa a jijiyar wuya, ta yi mata allura, ta ba Darakta ledar ruwan ya riƙe sama. Ya tsaya a rana da hannu a ɗage fiye da awa guda, kuma tun da nake ban taɓa ganin ya yi aikin da ya dace da shi kamar wannan ba. Kafin ta tafi ta ja ni gefe ta ce, "Inna, uwar muna sa rai. Cikin ne ban yi miki alkawari ba."

Washegari bayan azahar Balbela ta yi ɓari. Ni na karɓa da hannuna. Mace ce. Da ta rayu, ita ce za ta zama saniyar Abdulbaƙi ta farko, tasa ta kansa, daga zuri'ar saniyar Inna. Ya tsaya a kaina yana kallo. Ya je ya ɗauko fartanya da kansa ya haƙa rami a gindin darbejiya, ya hana kowa taya shi.

Rana ta uku Balbela ta miƙe, ƙafafu na rawa, ta ci ɗan harawa. Na sa aka kira a-kori-kura. A danginmu ba a taɓa jin wanda ya karɓe habbanaye kafin ta haihu ba, abin kunya ne ga mai karɓa da wanda aka karɓe wa. Na sani sarai, na kuma kwance ta daga turken.

Ya biyo mu har bakin titi riƙe da igiyarta, ya ƙi saki sai da aka gama loda ta.

"Adda, me zan ce wa mutane?"

"Ka ce musu ka je bita."

Na so in ƙara, don bakina cike yake. Sai na ga idanunsa sun yi jawur, ruwa na gangarowa cikin gemu. Mako guda ke nan da Ikilima ta wanke masa su tas. Ya sa hannun riga ya goge.

"Garin nan ne, Adda. Har yanzu bai gama fita ba."

Na karɓi igiyar daga hannunsa na ce, "Na sani."