Kafin Ɗaya ga Janairu

Inshorar da kamfanin kajinmu ke ba mu ba ta biyan ko sisi sai mun fara kashe dala dubu biyar daga aljihunmu a cikin shekara. Akwai kuma asusun lafiya, inda ake zuba dala arba'in daga albashina duk mako biyu. Matar ofis ta ce wannan gata ne. Ban yi tambaya ba. Ni dama ba na tambaya.

Bana kunnen 'yata Opal ya cinye dubu biyar ɗin tas. Asusun ya ƙare tun Yuni, mijina Dewey ya sayar da kwalekwalensa na kamun kifi. Shekarunta huɗu, amma sai ka tsaya a gabanta take jin sunanta. A Nuwamba muka cike adadin, likita ya ce sai an yi mata aiki. Aka sa ashirin da takwas ga Disamba. A karon farko inshora ce za ta biya.

Sai aka bugo mini daga asibiti: likitan zai tafi hutu, an mayar da aikin huɗu ga Janairu. Na ce, "To, na gode," na kashe waya.

"Kin gode?" in ji Dewey. "Raylene, ɗaya ga Janairu lissafin zai koma sifiri. Me kuma zan sayar, ƙafata?"

"Kai ka kira su mana, sarkin baki."

"In ni na kira, sai an haɗa da 'yan sanda."

Washegari ina tashi daga aiki na wuce asibitin da takalman robana, ina warin kaji. Madam Pruitt ce mai tsara ranakun aiki. Na tsaya gaban tagarta.

"Madam, hutun likitanku zai ci mini dala dubu biyar. Ba ni da su. 'Yata ba ta jin kira idan ba a gabanta aka tsaya ba."

Ta zare tabarau. "'Yata, kin ga kujerun nan? Duk wanda ke kai ya cike nasa adadin, tseren ƙarshen shekara yake. Ni kaina gwiwata tana jiran layi."

"Ban zo jin labarin gwiwarki ba."

Ta jawo takarda. Ta ce akwai wata likita da ke aiki har talatin da ɗaya ga wata. In wani yaro ya tashi da zazzaɓi, a kan soke nasa a kira na gaba. "Zan sa ki a jerin masu jira. Sau ɗaya muke kira. In ba ki ɗauka ba, mun wuce."

An hana shiga da waya inda muke yanka. Na cusa tawa cikin takalmi. Kwana tara ina fiɗar cinyoyi, hankalina yana idon sawuna.

Ranar talatin wayar ta yi motsi. Na yar da wuƙa, na tsuguna. Lonnie, mai kula da layinmu, ya taso. "Ke, malama, nan ofishinki ne?"

Na ɗaga masa hannu, na ɗauka. Daga asibiti ne: gobe ƙarfe bakwai na safe, kada Opal ta ci komai. Lonnie ya rubuta mini takardar gargaɗi, na sa hannu ban karanta ba.

An yi aikin. Da muka dawo gida Dewey ya kira Opal daga kicin, ta waiwaya. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Ni kuwa na fita na zauna cikin mota, ina dukan sitiyari. Kwana tara na yi ina fatan ɗan wata ya tashi da zazzaɓi, kuma ya tashi. Ban san sunan uwar ba. Na dai san cewa gobe nata lissafin zai koma sifiri.