Matar da ke Bayan Hanifa

Malam Atiku manomi ne a Argungu. Da damina yana noman shinkafa a fadama, da rani ya koma albasa, kuma gidansa bai taɓa kwana da yunwa ba. Matarsa Laure ita ke gumin shinkafar, ta shanya, a kai inji, sannan ta auna wa masu saye a ƙofar ɗakinta. Babbar 'yarsu ita ce Nazifa, sai Hanifa, sai ƙananan maza. Akwai ci, akwai sha, akwai sutura daidai gwargwado. Abu ɗaya gidan ya rasa, shi ne hira tsakanin Laure da 'yarta ta fari.

Ba faɗa suka yi ba. Al'ada ce Laure ta taras a gidansu, ta kuma riƙe ta da ƙarfi fiye da sa'o'inta: uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunan Nazifa, ba ta zama da ita a tabarma ɗaya, ba ta yabonta a gaban mutane. Da Nazifa ta isa shiga sakandare, Gwaggo Ummu Hani, yayar Malam Atiku, ta ɗauke ta zuwa Nasarawa a Birnin Kebbi, tun daga nan Laure ta samu sunan da take kiranta da shi, "ta Birni". In Nazifa ta zo hutu, sai Laure ta ce, "Hanifa, ki ce ma ta Birni abincinta na nan rufe," ko da kuwa ta Birnin na tsaye a gabanta. Babu wanda ya ga abin mamaki a ciki. Ita kanta Nazifa ba ta taɓa tsayawa ta yi tunaninsa ba.

Sai ga shi ta samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a ƙasar Indiya. Ranar tafiya gidan ya cika da dangi, Gwaggo ta zo tun daga Birni tana kuka tana face hanci da gefen mayafi. Laure kuwa tana bayan ɗaki tana juya shinkafa a kan wuta. Nazifa ta je ta durƙusa.

"Inna, zan tafi."

Laure ba ta ɗago ba. Ta gyara itacen murhu, ta ce, "Hanifa, ki ce mata Allah shi tsare hanya."

Kwanakin farko a can sun yi wa Nazifa nauyi. Ta tambayi mai gadin ɗakin kwanan ɗalibai ko nan ne ake karɓar makulli, ya kaɗa kai gefe da gefe, ta juya za ta tafi, ashe "eh" yake nufi. Abincin kuwa ƙamshinsa ya yi mata yawa, har shayi da yaji a ciki. Turancin malamai yana gudu kamar ruwan gulbi da damina, tana kamo rabi, rabi ya wuce. Amma Allah ya haɗa ta da abokiyar ɗaki mai sauƙin kai, Munira, 'yar Mombasa ta ƙasar Kenya. Ita ta nuna mata masallaci, ta raka ta sayen layin waya, ta koya mata yadda ake ce wa mai abinci a rage yaji. Da Turanci suke magana, kowacce da irin karin harshenta.

Munira tana da uwa mai son waya. Safe da yamma sai ta kira, fuskarta ta cika wayar, tana kiran 'yarta da sunaye kala-kala, tana sumbatar gilashin kafin ta kashe. Da farko abin dariya ya ba Nazifa. Daga baya ta lura cewa in uwar ta kira, ita sai ta sunkuyar da kai a kan littafi, ba kuma karatu take ba.

Nata kiran ranar Lahadi ne, da hantsin gida, lokacin da rana ta riga ta karkata a Indiya. Hanifa ke da wayar da ake ganin juna da ita, kuma a gindin dogon yaron tsakar gida ne kawai sabis yake kamawa. Baba ya zo ya yi nasiha, ƙannai su yi ta tura fuska suna tambayar ko ta ga giwa. Inna ba ta zuwa. Ana dai hango ta can bayan Hanifa, zaune a kujera 'yar tsugunno, ta ba da rabin baya, da faifai a cinya tana tsince shinkafa.

Wata rana Munira ta tambaya. "Na ga babanki, na ga ƙanwarki, na ga waɗannan 'yan rigimar. Ina mamanki?"

"Ba ta kusa," in ji Nazifa, ta sauya magana.

Ta yi niyyar yin bayani. Ta jera kalmomin a ranta da Turanci, sai ta ji yadda suka fito: uwata ba ta kiran sunana, uwata ba ta kallona. A Hausa magana ce ta mutunci, a Turanci kuwa ta zama kamar labarin yarinyar da ba a so. Ta haɗiye.

Cikin makon Gwaggo ta kira daga Nasarawa. Ta fara da kuka, ta koma faɗa a kan rashin kira, ta dawo kan addu'a, tana "ɗiyata, ɗiyata" ba tsayawa. Munira ta leƙo ta kafaɗar Nazifa, ta yi tsalle.

"Ga ta nan! Kun yi kama wallahi. Mama! Assalamu alaikum, Mama!"

Gwaggo, wadda duk yaran unguwa Mama suke ce mata, ta amsa da fara'a. Nazifa ta buɗe baki, ta rufe. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Ta gaya wa kanta ai ba ƙarya ta yi ba, Gwaggo ma uwa ce.

Lahadin da ta biyo baya Munira tana ɗaki, ta zo ta zauna kusa da ita a bakin gado tana ɗaga wa yara hannu. Can ta sa yatsa a kan wayar.

"Wai wace ce waccan? Kullum tana nan zaune a baya, ba ta ko juyowa."

Nazifa ta dubi inda yatsan yake. Tsohon zanen aiki, ɗankwali ya zame, toka a gwiwar hannu. Maganar ta fito kafin ta tare ta.

"Wata ce da ke taya mu aikin shinkafa."

Hanifa tana aji biyar na sakandare, kuma Turanci ne darasin da ta fi iyawa. Murmushin fuskarta ya ɗauke. Ta dubi yayarta ta cikin wayar, ta ce caji ya kusa ƙarewa, ta kashe.

Washegari Nazifa na fitowa daga aji wayarta ta yi ƙara. Ta raɓe a inuwar wani bango ta ɗauka.

"Yaya, mi kinka ce jiya?"

"Hanifa, ki saurara, ba za ki gane yadda..."

"Na gane sarai. Ni ma ina jin Turanci, ba sai an hau jirgi ba." Ba ta jira amsa ba. "Kin san sabis ba ya kai wa bayan ɗaki? Can ne wurin aikin Inna. Duk Lahadi sai ta kwaso faifai da kujera ta dawo gindin icce, wai can ya fi iska. Wace iska? Shinkafar da take tsincewa ma tsintatta ce, ni na tsince ta."

Nazifa ta jingina da bangon. "Ba ki dai faɗa mata ba."

"Ta ga yatsan ƙawarki. Ta ce, mi baƙuwar ta ce a kaina? Na ce ban ji ba. Ta ce in dube ta in sake faɗi. Yaya, ni ban iya yi ma Inna ƙarya sau biyu."

"Me ta ce?"

"Ta ce, to ai gaskiya ta faɗa, aikin shinkafa nike yi. Ta tashi ta shige ɗaki."

Da Laure ta yi zagi, da Nazifa ta samu abin riƙewa. Ranar ba ta koma aji ba. Ta zauna a masallacin mata har aka yi la'asar, maganar na ta dawo mata: aikin shinkafa nike yi. Da wannan aikin aka saya mata akwatin da ta zo da shi. Makon nan abinci bai shiga ba. Munira ta tambaye ta ko zazzaɓi ne, ta ce kewar gida ce.

Lahadi ta zagayo. Baba ya yi nasiharsa, yara suka yi hayaniyarsu. Nazifa tana amsawa, idonta na bayan Hanifa. Ga gindin iccen, ga kaji na tono. Babu kujera, babu faifai.

Da aka kashe wayar ta juya wajen Munira, wadda ke kwance tana cin gyaɗa.

"Munira, na yi miki ƙarya. Matar da kika nuna, ita ta haife ni. Wadda kike ce wa Mama yayar babana ce."

Munira ta tashi zaune. "Mamanki? Kika ce mai aiki?"

"Eh."

"Ta yi miki wani abu ne?"

"Ba ta yi mini komai ba." Sai ta yi bayanin da ta kasa yi tun farko, da Turancinta mai tuntuɓe. Ta faɗi kunyar ɗan fari, ta faɗi "ta Birni", ta faɗi kujerar da shinkafar da aka riga aka tsince. Bai fito da kyau ba, amma ya fito.

Munira ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ni tawa in ta yi rabin yini ba ta kira sunana ba, sai a kai ta asibiti." Ta ga Nazifa ba ta yi dariya ba, sai ta ture kwanon gyaɗar. "Kira su. Na gaishe da mama ta aro, ban gaishe da ta gaske ba. A garinmu wannan rashin tarbiyya ne."

Nazifa ta sake kira. Hanifa ta ɗauka fuska a murtuke.

"Don Allah ki ce ma Inna ƙawata na son gaishe ta. Ki ce na gaya mata gaskiya."

Hanifa ta ajiye wayar a kan turmi, suka yi ta kallon ganyen dogon yaro da sararin sama. Aka jima. Nazifa ta fara cire rai, sai suka ji takun silifa. Wayar ta ɗagu, ga Laure ta sauya zane, ta yafa mayafin zuwa unguwa. Ta zauna, ta kafa idonta a ɓangaren da Munira take, kamar ita kaɗai ce a ɗakin.

Munira ta yi sallama, Laure ta amsa. Ta tambayi iyayenta, ta tambayi karatu, ta tambayi ko garinsu ana noman shinkafa, Hanifa na fassarawa. Nazifa na gefe, kanta a ƙasa.

"Inna, ki yafe mini," ta ce a hankali.

Laure ta yi kamar iska ce ta wuce. Ta gyara mayafi, ta ci gaba da magana da baƙuwa.

"Hanifa, ki ce ma wagga ɗiya, waccan da suke ɗaki guda ta rame. Tun tana ƙarama in abu ya dame ta, abinci take bari, kuma ba ta faɗi. Sai an aje mata kwano an tashi an ba ta wuri, in ana kallonta ba ta ci. Ki ce kuma in ta yi laifi ta cika riƙe shi a rai. Wagga ɗiya ta ce mata ya wuce."

Hanifa ta fassara. Munira ta gyaɗa kai, ta ce, "Na ji, Mama. Zan ajiye mata in fita."

Laure ta miƙe, ta ce wuta na jiranta, a gaida mutanen Indiya. Hanifa ta juya wayar, suka ga bayan Laure har ta sha kwanar ɗaki.

Nazifa ta rufe fuska da tafin hannu. Ba ta taɓa sanin an lura da yadda take cin abinci ba, balle a san abin da ke hana ta ci. Kunyar abin da ta faɗa ba ta sake ta ba a ranar, kuma ta san za ta daɗe tare da ita. Amma ta gane cewa uwarta ba ta taɓa kawar da kai daga gare ta ba, a gaban mutane ne kawai take kawar da ido.