Ramuka Bakwai a Ƙasan Karafan

Sunana Ɗalhatu, mutumin Malumfashi. Shekara tara ina tuƙa wa Abu Nasir mota a unguwar Al Gharrafa, can ƙasar waje, ban taɓa ko goge masa fenti ba, kuma wallahi ban zaci ɓera ne zai zama sanadin aikina ba.

Abu Nasir shi ne kafil ɗina, wato zamana a ƙasar nan yana hannunsa. Yana da karafan, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, har da kicin da bayi da firiji a ciki. Lokacin zafi yana ajiye a wani filinsa a Al Wukair, in sanyi ya shigo sai a ja shi zuwa rairayi can kusa da teku, iyali su riƙa zuwa hutun ƙarshen mako. Bana da muka je muka buɗe shi ranar Asabar, wari ne ya fara tarbar mu. Ɓeraye sun ci barguna, sun huda katifa, har sun haihu a cikin akwatin da uwargida ke ajiye dardumar salla.

Abu Nasir ba mai surutu ba ne, shi ya sa nake tsoronsa. Ya toshe hanci da gefen rawaninsa, ya kira ni da sunan da bakinsa ya iya.

"Talha, kai na bar wa kula da wannan. Juma'a za mu fita. In na sake ganin kashin ɓera ko ɗaya, khalas, shi ke nan, sai tikitin komawa gida."

Ya shiga mota ya bar ni nan. Shekarata hamsin da uku, wa zai sake ba ni biza? Babbar 'yata Kausar tana makarantar koyon jinya a Katsina, ƙannenta huɗu na biye, ga uwarsu Ummukulthum, ga tsohuwata. Duk a wannan sitiyari suke ci.

Na shimfiɗa kwali na shige ƙarƙashin karafan ɗin da tocila. Ba sai da na wahala ba na ga hanyar 'yan banzan. Inda duk wayoyin wuta suka ratsa katakon ƙasa suka shiga ciki, wanda ya huda ya yi ramin da faɗi kamar bakin kofin shayi, ya zura waya uku ko huɗu, ya kama gabansa. Na ƙirga ramuka bakwai. Ko kyanwa ta matsa ta shige, balle ɓera.

Na sayo kumfar nan ta gwangwani da ake fesawa ta kumbura ta bushe, na cike su duka. Na wanke ciki tas, na ajiye dabino ɗaya a tsakiyar ɗaki don gwaji. Ranar Talata na dawo, dabino saura ƙwallo. Sun cinye kumfar, sun bar mini ɓarɓashinta a ƙasa kamar an tankaɗe gari. Na zauna a bakin ƙofa na dafe kai, hawaye na neman zo mini, ƙaton mutum da furfura.

Sai na kira Bawah, wani ɗan Gana mai aikin wuta da ke zaune a unguwar Fereej Abdel Aziz, masallaci ɗaya muke Juma'a. Gwani ne, amma in ya fara bayani sai ka yi hamma sau uku.

"Malam Ɗalhatu, ka jira ni Asabar," ya ce. "Akwai zoben roba da ake sa wa waya tukuna, sannan a cusa soson ƙarfe, sannan..."

"Asabar ai ina jirgi, Bawah. Juma'a aka ce mini."

"To ka saurara in gaya maka abin da ba za ka yi ba."

Ban saurara ba. Na kashe wayar don haushi, ina cewa a raina kowa da abin da ya dame shi.

A hanyar komawa ne na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa. A gidanmu ba a wasa da ramin ɓera a ɗakin hatsi. Sai ya daka kwalba, ya kwaɓa da siminti, ya cusa ya shafe. Ɓeran da ya kai baki sau ɗaya ba ya komawa. Shekara arba'in ɗakin nan na tsaye ba a taɓa yi mana ɓarna ba. Na ce kai Ɗalhatu, maganin yana gidanku kana ta roƙon ɗan Gana.

Laraba na roƙi siminti rabin bokiti wurin masu gini a gefen filin, na tsinci kwalaben lemo koraye guda shida, na naɗe su a buhu na daka da dutse. Na kwaɓa, na bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya na danna har sai da wayoyin suka ƙame a tsakiya. Na sake ajiye dabino. Alhamis da yamma na tarar da shi yadda na bar shi. Na cinye abina, na yi wa mahaifina addu'a, har da 'yar dariyata ni kaɗai.

Tsarin Juma'a shi ne in ja karafan da sassafe in je in kafa komai, su kuma su iso da la'asar. Kwalta lafiya lau. Amma daga inda aka sauka kwalta akwai hanya mai gargada ta kusan minti arba'in, wadda haƙoranka ma sai sun kaɗa. Na isa wajen ƙarfe tara, na daidaita ƙafafun karafan, na tayar da janareta, na kunna wuta.

Ƙwan wuta ya yi walƙiya sau ɗaya ya mutu. Sai warin roba mai ƙonewa.

Na kashe janareta da gudu na faɗa ƙarƙashi. Innalillahi. Simintin ya tsattsage, kuma duk girgizar nan da muka sha a hanya, kwalbar tana ta yankan wayoyin a hankali. Wasu sun fiffige jan ƙarfen ya fito, wasu sun rabu biyu, biyu sun manne sun yi baƙi. Ba wuta, ba firiji, ba famfon ruwa, ga naman rago guda da uwargida ta sa aka loda.

Na kira Bawah ta bidiyo, na haska masa.

"Mene ne wannan kore-koren?"

"Kwalba ce."

Bawah ya girgiza kai.

"Haka muke yi a gida," na ce. "Ɗakin hatsin babana..."

"Malam, ɗakin babanka yana tafiya a kan taya?"

Na ce masa don Allah don Annabi ya bar faɗan sai gobe, yau 'ya'yana zai taimaka wa. Allah ya saka wa Bawah da alheri. Yana shirin masallaci ya zauna. Ya ce in fasa simintin gaba ɗaya, in yanke inda ya lalace, in haɗa ja da ja, shuɗi da shuɗi, in naɗe kowace da baƙin salatif daban, kada ɗaya ta taɓa 'yar'uwarta.

Kwance nake rigingine a kan rairayi, katako a saitin hancina. Na sa sukundireba ina bugawa sama da sifanar taya. Wani ɓangaren ya zubo mini a fuska, wani ya tura ya faɗa cikin ɗakin ta ƙarƙashin kafet. Sauran sai da yatsa nake ƙwaƙulowa don kada in ƙara yanke waya, kwalbar kuwa ba ta san na gida ba. Kafin rami na uku yatsuna duk sun tsage, salatif ya ƙi kamawa saboda jini, sai in goge a riga in ci gaba. Ina yi ina kallon agogo, ina cewa ya Allah, wannan kaɗai, ka rufa mini asiri wannan kaɗai. Azahar ma a gurguje na yi ta.

Ƙarfe uku saura na haɗa ta ƙarshe. Na tayar da janareta. Ƙwai ya kama. Firiji ya fara gunaguni. Na zube na yi sujada a kan rairayi.

Na cusa soson ƙarfen wanke tukunya a ramukan, inda bai isa ba na sa tsumma. Na ɗaga kafet na share ciki sau uku, na bi da rarrafe ina shafawa da tafin hannu. Na canza riga, na sa safar hannu ta aiki don rufe yatsuna.

Da la'asar suka iso. Abu Nasir ya shiga, ya buɗe akwatuna, ya leƙa bayan firiji, ya shaƙi iska. Ya fito ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba.

"Zain, Talha. Aiki ya yi kyau."

Na juya ina sauke kaya daga mota.

Yana da 'yar auta, Hissa, shekararta huɗu. Ni na tuƙo ta daga asibiti ranar da aka haife ta, kuma kullum sai ta kawo mini biskit ɗinta da ta riga ta gutsura. Ta cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda aka koya mata, ta ruga ciki, ta kutsa wani lungu tsakanin kujera da bango inda take son ɓuya. Lungun da kafaɗata ba ta shiga, tsintsiya ma ban tura ba.

Kukanta na ji, na yar da abin da ke hannuna.

Uban ne ya fito da ita, jini na ɗiga daga diddigenta a kan farar rigarsa. Ya zare abin da ya shige ta, ya ɗaga shi a rana. Ɗan guntun kwalba ne kore, bai fi farce ba. Ya dube shi, ya dube ni, ya dubi hannuna.

"Cire safar."

Na cire. Ya ga yatsun. Na buɗe baki zan ce ɓera, zan ce babana, zan ce Kausar, ba abin da ya fito. Yarinyar na kuka tana miƙo mini hannu in ɗauke ta, wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Bai zage ni ba. Ya ce, "Kawo makulli." Shi da kansa ya ja motar zuwa asibiti, aka yi mata ɗinki uku.

Ranar Lahadi aka miƙo mini takardar sallama, jirgin Talata zuwa Kano. Na zauna a ɗakina na bayan gida na kira Ummukulthum, na shirya maganar tun safe. Kafin in fara ta ce Kausar ta ci jarrabawar zango, yara na ta tambaya yaushe zan zo.

"Talata," na ce. "Jibi ina hanya."

"Jibi? Hutu ya ba ka? Kai, Allah ya saka wa mutumin nan da alheri."

Na ji ta tana ƙwala wa yara kira, na ji suna tsalle, tsohuwata na tambaya daga ɗaki me ya faru. Ta dawo kan wayar tana haki don murna.

"Baban Kausar, sati nawa za ka yi mana?"

Na ce mata sai na zo.