Lilon Raza a Jikin Dutse

Ai sai kun ji abin da Nargis ta yi a makiyaya bana, ita da ake wa dariya wai ko zare ba ta iya sawa a allura!

Da mata suka hau Nangma, makiyayar da ke can saman duwatsu, da dabbobi, ta hau da goyonta Raza, ɗan jinjiri da ko zama bai fara ba. Mijinta Fida yana can gindin babbar katangar dutse, yana yi wa Turawa masu hawa dako. To shi Raza tun ranar suna aka saba masa da gadon lilo. In ba lilo, ba barci. A gida akwai gungumen rufi da ake rataye shi, amma bukkar makiyaya rufinta ƙirare ne da ƙasa, an jingina ta da wani ƙaton dutse. Ko salkar nono aka rataya sai ƙasa ta zubo. Yaro ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe.

Da safe surukarta, Api Bano, ta ajiye kofin shayin gishiri ta ce, "Gobe zan sauka da shi gari. Matar wan mijinki tana shayarwa, ta haɗa su biyu. Nono na lalacewa ke kina nan kina jijjiga."

Nargis ta lissafa a ranta. Sauka da shi fa, sai lokacin kaka ke nan za ta sake ganinsa.

Ta fita ta tsaya wajen 'yan maruƙa, idonta ya faɗa kan turakunsu. Kowa a ƙauyensu Kanday da tsofaffin ƙusoshin hawan dutse yake turke dabba, waɗanda masu hawa suka gama da su. Fida ya sha ba ta labarin aikinsu: inda hannu ba shi da abin kamawa, sai a kafa ƙusa a tsagar dutse, a rataya tsanin ƙyalle, a taka, a miƙa hannu a kafa ta gaba. Har kwana suke yi a rataye. Ta ce a ranta, abin da ya ɗauki ƙaton Bature ai ba zai kasa Raza ba.

Ta tumɓuke guda biyu, wata siririya kamar wuƙa, wata mai kauri mai lanƙwasa kamar indararo. Ta haɗa maruƙan a turke ɗaya, ta ɗauko gatari. Jikin dutsen da ke cikin bukka akwai tsaga daidai saman kanta. Ta sa siririyar ta buga da ƙeyar gatari. Ɗuf, ɗuf, ta shige har wuya.

"To maƙeriya, ta shiga," in ji Api. "Kawo gadon mu gani."

"Tsaya, Api. Baban Raza ya ce in ta kama sai ta yi ƙara siririya, tana hawa tana hawa. Wannan kamar ana dukan kabewa."

"Baban Raza! Ni na haife shi, ban san ranar da ya zama malamin ƙarfe ba."

Nargis dai ta zura igiya a idon ƙusar, ta yi mata zarge ta sa ƙafa, don Fida ya ce ba a ba ƙusa amana sai an hau an yi tsalle a kanta. Tsalle ɗaya, ƙusa ta fito fit, ita kuma ta zauna daɓas kusa da murhu. Api ta yi dariya har da riƙe ciki. Sai ta dubi gadon, ta dubi Raza, dariyar ta tsaya.

"Miƙo mai kaurin," ta ce. "Kuma ki matsa sama, nan bakin tsagar ya ruɓe."

Aka sa mai lanƙwasar. Bugu na fari ƙwal, na gaba ya fi shi siriri, haka ƙarar ta yi ta hawa har sai da Raza ya bar kuka ya juyo da ido. Nargis ta hau igiya ta yi tsalle, ta sake, ƙusa ko gezau.

"Ke nawa kike? Kamar figaggiyar kaza," in ji Api. "Ba ni wuri."

Tsohuwa ta tattare riga, ta sa ƙafa a zarge, ta kama kafaɗar Nargis, ta saki nauyinta gaba ɗaya tana salati. Api kuwa ba ƙaramar mace ba ce! Ta yi reto, ta ƙara, ƙusa na nan daram. Da ta sauko tana haki, ta kwance ƙugiyar ƙarfe mai baki da take maƙale makullanta, ta ƙwama ta a idon ƙusar da hannunta. Suka rataya gado, suka kwantar da yaro.

Wallahi kafin shayin ya gama hucewa ya yi barci, baki buɗe, hannu ɗaya a sama. Api ta ɗaura igiyar lilon a babban ɗan yatsan ƙafarta, ta jawo ulunta tana kaɗi tana ja a hankali.

"Tsayuwar me kike? Shanu na jiranki," ta ce ƙasa-ƙasa.

Nargis ta ɗauki bokiti, ta kai bakin ƙofa ta waiwayo. "Api, goben fa?"

"Wace gobe? Da wannan gwiwar tawa kike so in yi gangara? Ja ƙofar a hankali."