Surukan Malam

Goggo tana ba Malam shayi da cokali, rabi na shiga, rabi na gangarowa ta gefen bakin da ya karkace, sai wayarta ta yi ƙara. Dogo ne, ɗan yayanta mai tuƙa injin girbi.

"Goggo, yau ne fa. Ina gamawa da gonar maƙwabcinku zan faɗa taku. Gobe mai injin zai tura ni wani gari, kuma kin ga yadda gabas take."

Ta gani. Ta tagar asibitin ma ana hango hadarin, ya yi zaune a gindin sama kamar mai jiran a kira shi. Shinkafa ta nuna har ta sunkuya. Ruwa ɗaya mai iska ya ishe ta kwanciya a laka, kuma ita kaɗai ce abin da gidan zai ci, ita ce maganin Malam.

"Ga ni nan," ta ce. Ta goge wa mijin haɓa da bakin mayafinta. "Malam, za a yanke shinkafa yau. Ka yi mana addu'a."

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ƙi fita. Ya ɗaga hannun hagu, mai lafiyar, ya ɗora a bakin gado, ya ja shi a hankali zuwa wajen taga. Ya sake dawo da shi, ya sake ja.

"Cewa yake ki tafi, Mama," in ji Auta, 'yarsu da ke jinyarsa.

"Korata yake, na sani. Ki kula da robar ƙarin ruwan nan kada ta ƙare ba ki kira ma'aikatan jinya ba."

A mota, an matse ta tsakanin wata mai kwandon kaji da wani mai barci, tana jan carbi tana lissafin aiki. Abu ɗaya ta riga ta yanke: bana ba za a bar kusurwar nan ba.

Gonar ta faro daga bakin titi ta gangara har fadama. Can ƙasa, inda shinkafa ke haɗuwa da ciyawar ruwa, akwai wata kusurwa da Malam bai taɓa sa wa lauje ba. Kowace shekara sai ya bar ta a tsaye, wai ta gauraki ce da kajin ruwa. Kowace shekara kuma sai sun yi faɗa a kai.

"Tsuntsu ya taya ka shuka ne? Ya taya ka cire ciyawa?"

"Mun tarar da su a wurin," yakan ce, ya ci gaba da wasa laujensa.

Ita ta raɗa musu suna surukan Malam, don ba ta ga wanda ake wa irin wannan kara ba sai suruki. Sunan ya bi gari, har masu aikin gona suka ɗauka.

Ta sauka a bakin titi ta tarar injin ya iso, ja, ƙato, yana huci. Masu ɗinkin buhu sun baza tamfol a gindin bishiya. Dogo ya leƙo daga sama.

"Yaya jikin Baba?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ka ji, ta ƙasa za ka fara. Ka share bakin ruwan nan tas, nan ne zai fara nutsewa in an yi ruwa."

"Har da rabon surukai?"

"Surukai su yi haƙuri bana. Mai ba su yana kwance."

Dogo ya yi dariya ya ja injin. Ya bi gefen gona ya gangara, ya lashe kusurwar cikin ɗan lokaci, ya zagayo ta ɗaya gefen ya hau titi, ya sake zagayawa. Haka injin ke aiki, daga waje yana cin gona yana matsowa ciki. Balbelu suka taru a bayansa suna tsince fara. Goggo ta tsaya kan masu buhu, tana duba ɗinki, tana tsince zangarniyar da ta zube. Da azahar ta yi, ta shimfiɗa buhu a gefe ta yi salla, ta roƙi Allah Ya riƙe hadarin nan har a kwashe.

Tana shafa addu'a ta ji kukan. Ta san shi, duk wanda ya taɓa kwana kusa da fadama ya san shi, kamar ana busa tsohon ƙaho. Amma ba ta taɓa jin sa kusa haka ba, kuma ba ya tsayawa.

Gauraki biyu ne tsaye a filin da aka yanke, a fili ƙarara, inda ba su saba tsayawa ba. Dogayen ƙafafu, farin kunci, tukkun nan mai ruwan zinariya yana rawa a iska. Ɗaya ta buɗe fukafukai ta nufi injin, ta ja da baya, ta sake nufarsa. Ɗayan yana kai da komo yana kallon shinkafar da ta rage.

Abin da ya rage kuwa tsakiyar gona ce, tsibiri guda, inda ƙasa ta fi kyau, inda zangarniya ta fi nauyi. Goggo ta lura shinkafar wurin tana motsi, ba irin motsin iska ba, daga ƙasa. Ta tattare zani ta nufi wurin tana ɗaga wa Dogo hannu. Injin ya tsaya.

Ta raba karan da hannu ta leƙa. Kajin ruwa ne, baƙaƙe, sun cure wuri ɗaya da 'yan tsakinsu kamar an zubar da gawayi. Wata ta ruga ta tsakanin ƙafafunta, ta kai bakin fili, ta ga babu wurin ɓuya, ta komo. Can ciki kuma ga wasu 'yan tsaki biyu manya, masu dogon wuya, jikinsu duk gashin jarirai ruwan ƙasa. Sun lafe a laka, ko ido ba sa ƙiftawa.

Sai ta ɗaga kai ta dubi gonar. Tsakanin tsibirin da fadama yanzu babu komai sai guntayen kara. Hanyar da za su bi su koma ruwa, ita ta sa aka fara yankewa. Kowane zagaye na injin ya ƙara turo su ciki. A sama kuma shirwa ta riga ta iso, tana shawagi ba ta gaggawa.

Nan ta tuna yadda Malam ke girbi. Kullum daga bakin titi yake jera masu lauje, su gangara a layi ɗaya, a hankali, fuskarsu na kallon ruwa. Ta sha yi masa tsiya cewa mai hankali ta ƙasa yake farawa. Ashe kora su yake, sannu sannu, har su shige kusurwar da ya bar musu. Ta tuna hannunsa a bakin gado da safe, yana ja zuwa taga.

Wani dattijo cikin masu buhu ya iso bayanta ya leƙa.

"Hajiya, ai Allah Ya kawo miki. 'Ya'yan gauraka ne. Masu manyan gidaje nemansu suke ido rufe, su sa a tsakar gida. Kuɗin waɗannan biyun ya ishe ki maganin mai gida."

Ba ta ce masa ƙarya yake ba, don ba ƙarya ba ne. Ta tsaya tana kallon 'yan tsakin. Uwar ta matso har ana ganin jan da ke ƙasan farin kuncinta, tana wannan kuka.

"Goggo, iska ta juya fa," Dogo ya ce daga sama. "Zagaye kaɗan ya rage. In shiga?"

"In ka tafi a hankali ba za su fita ba?"

"Manyan za su fita. Ƙananan lafewa suke, sai dai in ji su a cikin injin. In ma sun fita, ga waccan." Ya nuna shirwar a sama da haɓa.

Ta dubi hadarin, ta dubi zangarniyar da ke shafar gwiwarta. Wannan tsibirin ya ninka kusurwar Malam ba sau ɗaya ba.

"Kashe," ta ce.

"Goggo, nan ne gonar fa. Sauran duk rakiya ne."

"Na san gonata. Sauko ka kama mana buhu." Ta juya ga dattijon. "Kai kuma Baba, ɗinkin naka na can ƙarshe ya buɗe, na gani."

Suka kwashe buhunan suka rufe da tamfol, ɗigon farko na sauka. Ba ta bar wurin ba sai da ta ga kowa ya hau mota, dattijon a gaba. Ta waiga sau ɗaya. Gaurakin sun daina kuka, suna takawa cikin yayyafi zuwa tsibirin, ɗaya na bin ɗaya.

Ta isa asibiti ana kiran magariba, jiƙe sharkaf, laka har ƙauri. Auta ta tashi ta ba ta kujera.

"An gama, Mama?"

"An gama abin da aka gama."

Malam yana kallonta. Ya ɗora hannun hagu a bakin gado, ya fara ja. Ta kama hannun ta ƙarasa da shi har wajen taga, ta riƙe a can.

"Na gani," ta ce. "Ta ƙasa na fara. Surukanka dai bana sun ci tsakiyar gona, sai ka ji daɗi."

Rabin bakinsa ya motsa, kafaɗarsa mai lafiya ta shiga girgiza. Auta ta tsorata za ta kira ma'aikaciya, Goggo ta ce ta zauna, dariya yake.

Ta zuba shayi a kofi, ta hura cokalin farko. Ruwa na dukan taga.

"In an ɗauke, zan je in ga abin da bai kwanta ba. Daga titi zan faro." Ta kai masa cokalin baki. "Laujen naka, yana bayan ƙofa ko ka ba wani aro?"