Jar Akuyar Tungar Ɓaure

Tun da suka baro Tungar Ɓaure, Arzika bai raba idonsa da madubin mota ba. Ba motocin baya yake dubawa ba, tamfol ɗin da ke shimfiɗe a bayan Hilux yake kallo, ko zai motsa. A ƙarƙashinsa akwai jar akuya, an ɗaure mata ƙafafu da igiyar kaba.

Shekararsa tara yana tuƙi a wata ƙungiya mai raba wa yara masu tamowa abinci, wadda ofishinta yake unguwar Mabera a Sakkwato. Manyan ofis huɗu sun zo sun tafi a gabansa, shi yana nan, don mutum ne da ya san lokacin magana ya san na shiru. To yau dai bakin ne ya ja masa.

Ga yadda aka yi. Bayan sallar azahar, Shamsiyya, jami'ar da ke auna damtsen yara, tana cikin gida wurin mata, sai ga Maigari Hayatu da dattawansa, ana janye da akuya. Jikarsa Kande, wadda da damina ko zama ba ta iyawa, yanzu ita ke koran kaji a ƙofar gida.

"Malam Arzika," in ji Maigari, "wagga ta ofis ta. Ba mu da abin biyan ku, amma dai a sha romo."

To kai mai karatu, ya za ka dubi mai furfura, a tsakiyar mutanensa, ka ce kyautarsa haramun ce a wurinku? Bakin Arzika ya riga hankalinsa. "Madalla, Allah shi bar girma," ya ce. Kafin ya haɗiye yawu an jefa ta baya an rufe.

Alhali kuwa akwai doka. Bara aka aiko da takarda daga babban ofis na Abuja, kowa ya sa hannu: ba a karɓar komai daga hannun mutanen da ake taimaka wa, ko goro ne. Da farko an ɗauka irin takardun nan ne da ake mannawa a bango rana ta cinye. Sai da aka kori Zulkifilu mai kula da sito a kan rabin buhun albasa. Wani ne a cikin ofis ya ɗauki hoton buhun ya tura sama, kuma har yau ba a san ko wane ne ba. Tun daga ranar aka daina haɗa kwano da rana. Kowa ya buɗe kularsa a kan teburinsa, yana ci yana satar kallon na kusa da shi. Ga shi kuma a makon nan wata Hajiya Ummulkhairi ta zo daga Abuja, aikinta ke nan, duba masu taka doka.

Sun wuce Kware da kaɗan mota ta faɗa wani rami. Akuya ta buɗe baki.

Shamsiyya ta ɗago daga wayarta. "Baba Arzika, mi ka kuka bayan motar ga?"

"Awakin hanya na, ɗiyata."

"Awakin hanya ka bin mu da gudun tamanin?"

Sai ya faɗa mata. Yarinyar nan ta dafe kai da hannu biyu, ta yi salati har sau uku. Ita ce shugabar tafiya, sunanta ke kan takardar fita.

"Tsaya ka sake ta nan cikin daji."

"In saki dabbar mutum ga ɓarayi da karnuka? In ce mishi mi ranar da munka haɗu?"

"To kai ta gidanka."

Ya nuna mata ƙasan sitiyari da haɓa, inda aka dasa na'urar nan mai gaya wa ofis duk inda mota ta taka. In ya karkata gidansa a Runjin Sambo ko na minti biyar ne, kafin ya iso an buga takardar tuhuma.

Sai da suka hango gari ta ce, "Baba, ni ban gani ba lokacin da anka sa ta. Amma in anka tambaye ni, wallahi ba ni yin ƙarya."

"Ban ce ki yi ba."

Yana tuƙi yana auna kansa. Shekara hamsin da takwas, boko bai wuce aji uku ba, ido ya fara neman gilashi. In aka karɓe makullin nan, wa zai ba shi wani? Ya tuna ranar da ya ga Zulkifilu zaune a shagon wansa, shi Arzika ya juya fuska kamar bai gan shi ba, don kada ya kunyata shi. Ashe shi ma haka za a yi masa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, alhali sanyin mota na kunne.

A ƙofar ofis, Tambari maigadi ya zagayo duba baya kamar yadda doka ta ce. Ya ɗaga tamfol, ya mayar da sauri, ya leƙo ta taga yana danne dariya.

"Arzika, yaushe anka ɗauki sabuwar ma'aikaciya? Ina katin wuyanta?"

"Tambari, don girman Allah."

"Ko ita ta za ta riƙe sito madadin Zulkifilu?" Da ya ga fuskar abokinsa sai ya rage murya. "Ja ta bayan ɗakin janareto. In an tashi in hid da ita cikin keke."

Arzika ya ɗaga kai ya dubi kyamarar da ke saman ƙofa, ita ma tana duban sa. Ya dubi Tambari, mai mata da 'ya'ya bakwai, wanda zai jefa kansa a rijiyar da ba shi ya haƙa ba. Ana cikin haka akuya ta sake kuka, wannan karon da dukkan ƙarfinta. Labulen tagogi biyu ya motsa. A baranda kuwa ga Hajiya Ummulkhairi tsaye, waya a kunne, ta juyo.

Ya kashe mota, ya gyara hularsa. Tunda ruwa ya ci mutum, gara ya shiga da ƙafarsa da a tura shi. Ya taka har gabanta.

"Hajiya, na zaka da laihi. Shina bayan mota."

Ta shigar da shi ofis, ta ja masa kujera da kanta. Ba ta girmi 'yarsa ta fari ba. Baba take ce masa, wannan ya ƙara tsorata shi, don ya daɗe da sanin cewa a wuraren nan mai yi maka ladabi shi ke miƙa maka takardar sallama. Ya ba ta labari tun daga farko, bai rage ba, ya kuma ce Shamsiyya ba ta san komai ba.

Ta saurara har ya gama. Maganarta ta Kanawa ce, a hankali, ba hayaniya.

"Baba, ba don a wulaƙanta kowa aka yi dokar nan ba. Na yi aiki a wani gari inda mai kawo kaza ita ake sa wa ɗa a gaban layi. Wadda ba ta da kaza ta yi ta jira. Nata ɗan ya rasu kafin layi ya zo kanta." Ta dube shi. "Zulkifilu ɓoyewa ya yi. Kai ka kawo kanka, wannan zan iya tsaya maka a kai. Amma gobe da safe ka mayar da ita, maigarin ya sa hannu a takardar da zan ba ka, cewa dabbarsa ta koma hannunsa."

"Hajiya, mai da kyauta ga dattijo mari na. In yay yi hushi, ko mace guda ba ta hitowa awon yara."

"Na sani. Amma in babu takardar nan ranar Litinin, dole in rubuta. In na rubuta kuwa ba ni ke yanke hukunci ba, Abuja ce, kuma Abuja ba ta san fuskarka ba."

Da ya fito, ba wanda ya ce masa sannu, ba wanda ya tambaye shi. Kowa ya duƙufa a kan kwamfutarsa kamar yau aka ƙirƙiro aiki. Shamsiyya kaɗai ta bi shi da ido.

Washegari Juma'a ya kama hanya shi kaɗai, akuya a baya, takarda a aljihun gaba. Ya shirya magana ta kai goma a ransa, kowace in ya juya ta sai ya ji ta da ɗaci. Ya ce doka ce? Maigari zai ce ashe jiya ba ka san dokar ba. Ya ce manya sun ƙi? Ya zubar da mutuncin ofis ke nan a garin da suka shekara biyu suna lallashi. Sai da ya bar kwalta ya hau burji, ya ga wata tsohuwa tana kora awaki, sannan wata dabara ta faɗo masa. Ba mai ƙarfi ba ce, amma ita ke gare shi.

Ya sami Maigari a gindin bishiyar bedi da mutane fiye da na jiya, ana jiran lokacin masallaci. Aka gaisa. Da ya kwance akuya ya sauko da ita, hira ta mutu. Wani tsoho ya daina taunar goro.

"Lahiya, Malam Arzika?" in ji Maigari. "Ko ta yi ƙanƙanta?"

Arzika ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, ofis ta gode, ta yaba. Sai dai gidanmu na Mabera siminti na tun daga ƙohwa har bayi. Ba turke, ba dussa, ba mai ba ta ruwa. Shi na munka ce a kawo ta kiwo wurin da ta saba. Ga 'yar takarda, a sa hannu cewa tana hannunku."

Maigari ya karɓi takardar, bai dube ta ba, Arzika yake duba. Sannan ya miƙe ya ce, "Taho in gwada maka garken da za ta zamna."

Suna shiga zaure ya tsaya, ya juyo.

"Shekara talatin ni yi ina hwatauci kasuwar Illela. Na san mutumin da anka koro. Aikinka za su amshe?"

"Za su amshe, ranka shi daɗe."

"Mi ya hana ka hwaɗa min jiya?"

"Gaban jama'a?"

Dattijon ya yi ajiyar zuciya. Ransa ya sosu, ana gani a fuskarsa, kuma bai ɓoye ba. "Zamanin ga, a warkar maka da jika, a hana ka godiya." Ya miƙa hannu. "Kawo biron."

Ya dafa takardar a bango ya sa hannu. Arzika ya karɓa da hannu biyu, ya ninke, ya tura aljihu, ya dafe wurin da tafinsa. Sai a lokacin ya ji iska ta shiga ƙirjinsa sosai.

Suka fito. Maigari ya koma kan buzunsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, kun ji mutanen kirki. Sun amsa, sun ko ba mu amanar kiwo. To ku shaida, akuyar ga ciki gare ta. In ta haihu, kamar yadda anka saba, ɗan hwari na mai dabba na. Ni da kaina za ni kai musu shi har Mabera."

Aka ɗauka da madalla, madalla. Tsohon nan ya ci gaba da taunar goronsa.

Arzika ya matso kusa, ya sunkuya kamar mai yin sallama. "Ranka shi daɗe, har ofis?"

"To ni ma gaban jama'a ni ke, Malam Arzika. Kai kab biɗo kiwo, kiwo ko da ƙa'idarshi. Ban iya tashin maganata."

"Saura wata nawa ta haihu?"

Maigari ya dubi cikin akuyar ta gefen ido, irin duban masu sanin dabba. "In ta daɗe, biyu."

Arzika ya shiga mota. Ya laluba aljihu, takarda na nan, Litinin ta tsira. Ya tayar da inji, ya ɗaga wa mutane hannu, ya hau burji a hankali, yana tunanin da wane baki zai fara yi wa Hajiya Ummulkhairi bayanin yadda ake kiwo a ƙasar Sakkwato.